Ustaz, Sarkin Kiɗa ko Makaɗa: Wane Laƙabi Ya Dace Da Wa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mu wasu matasa ne a nan Unguwar Rogo, Jos, muna shirin walimar karrama mutum uku da suka yi mana tarbiyya: malaminmu na allo, da wata uwa da ta koyar da mu a firamare, da wani dattijo makaɗin kalangu wanda yara da yawa suka koyi kiɗa a hannunsa. Da muka zo rubuta katin gayyata sai gardama ta tashi. Wasu sun ce a rubuta wa makaɗin Ustaz, tunda haka Indiyawa suke yi wa manyan makaɗansu, wasu sun ce Sarkin Kiɗa, wasu kuma Dokta. Shi kuma malamin allo mun rasa ko Alaramma za mu ce ko Gwani. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya, domin yabon gwani ya zama dole, kuma ya fi daɗi a yi shi mutum yana raye yana ji da kunnensa. Kun kyauta da kuka tsaya tambaya kafin ku je wurin mai buga kati, saboda abin da aka buga a takarda ya fi abin da aka faɗa da baki wuyar janyewa. Amsata a taƙaice ita ce, cikin sunaye ukun nan da aka kawo wa makaɗin babu wanda ya kamata ku rubuta, sai fa idan ya riga ya mallaki ɗayansu ta hanyar da ake mallakarsa. Shi kuwa malamin allo, zaɓi tsakanin Alaramma da Gwani ya wuce hannunku, tsararrakinsa a karatu sun daɗe da yanke wannan hukunci, aikinku kawai ku je ku tambayo. Dalilin duka biyun ɗaya ne. Kowane laƙabin girmamawa yana da mai ikon bayar da shi, kuma nauyinsa daga wannan mai bayarwa yake zuwa: wani fada ce take naɗawa, wani malamai ne suke shaidawa, wani jami'a ce take bayarwa, wani kuma bakin jama'a ne yake laƙabawa.

Bari in fara da Ustaz, domin waɗanda suka kawo shi ba su yi ƙarya ba a kan Indiya. Kalmar asalinta ta Farisanci ce, ustad, ma'anarta gwanin wata sana'a wanda ya ƙware har ya kai ga koyar da ita. Larabawa suka are ta suka ce ustaz, mu kuma daga wurinsu muka karɓa. A arewacin Indiya da Pakistan kalmar ta riƙe tsohuwar ma'anarta, shi ya sa ake sa ta gaban sunan babban makaɗi ko mawaƙi idan Musulmi ne, idan kuwa mabiyin addinin Hindu ne sai a ce masa Pandit, kalmar da take nufin masani a tsohon harshensu na Sanskirit. Don haka za ka ga mutum biyu a dandamali ɗaya suna kiɗa tare, kowa da laƙabinsa: Pandit Ravi Shankar, mai kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da suke kira sitar, wanda ya rasu a 2012, ya shekara da shekaru yana wasa tare da Ustad Alla Rakha mai buga ƙananan gangunan nan da suke kira tabla, kuma ɗan Alla Rakha, Zakir Hussain, wanda ya rasu a ƙarshen 2024, shi ma da Ustad duniya ta san shi. Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikinsu shi ne Ustad Bismillah Khan, domin abin busarsa, shehnai, 'yar'uwar algaitarmu ce a ƙira da amo, amma sai ga shi a 2001 gwamnatin Indiya ta ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja da take bai wa farar hula. Abin lura a tsarin nasu shi ne babu wata hukuma da take raba Ustad ko Pandit. Ɗalibi yakan zauna hannun ubangidansa shekaru masu yawa, bayan an ɗaura masa zare a wuyan hannu alamar an karɓe shi almajiri, kuma sai manyan sana'ar da masu saurare sun gamsu da shi sannan sunan ya fara bin sa. Wanda ya yi gaggawar laƙaba wa kansa, abin dariya yake zama a tsakaninsu.

To, a Hausa kalmar ta bi wata hanya dabam. Ta yaɗu ne ta makarantun Islamiyya da ta bakin waɗanda suka yi karatu a ƙasashen Larabawa, sai ta zauna a kan malamin addini, musamman mai karatun zamani wanda bai kai a ce masa Shehi ba. Har ta kai idan saurayi ya tsayar da gemu ya ɗage wando abokansa sukan tsokane shi da Ustaz, budurwa mai dogon hijabi kuma a ce mata Ustaziya. Ku tuna kuma a Jos kuke, garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, inda har yau maganar hukuncin kiɗa take da zafi a majalisu. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan fagen wasu ne, amma a matsayina na wanda ya daɗe yana bibiyar yadda Hausawa suke kiran juna, ina tabbatar muku cewa katin da aka rubuta Ustaz gaban sunan mai kalangu, rabin masu karanta shi za su ɗauka ba'a kuke yi wa dattijon, sauran rabin kuma su ɗauka malamai kuke tsokana. Shi kansa wanda kuke son karramawa zai fi kowa jin nauyin abin.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da ya bambanta Hausa da harsuna da yawa. A wurare da dama kalma ɗaya ce take ɗaukar malami da gwanin kiɗa. A Italiya maestro ake ce wa malamin firamare, shi ake ce wa jagoran babbar ƙungiyar makaɗa. A Maroko, shugaban makaɗan gargajiyar da ake kira Ginawa, mai kaɗa wata babbar garaya mai tsirkiya uku, ma'allem suke kiransa, kuma wannan ma'allem ɗin shi ne mu'allim na Larabci, wato ainihin kalmar da ta haifi malam a Hausa da mwalimu a Suwahili. Amma a ƙasar Hausa malam ya tsaya tare da alƙalami da tawada. Shi ya sa mawaƙin da yake rubuta waƙarsa da ƙafiya da ma'auni, irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi, ba a jin nauyin ce masa Malam a matsayin daraja ta ilimi, alhali mawaƙin da yake tafe da ganga da 'yan amshi an ajiye shi a rukunin maroƙa, sana'ar da galibi gadonta ake yi. Makaɗan sun san da wannan iyaka sarai. Lokacin da Sa'idu Faru yake kiran kansa malamin waƙa, da gangan ya tsallaka ta, yana nuna cewa tsara waƙar fada ilimi ne mai ƙa'ida wanda ake koya ake koyarwa, kuma jama'a suka karɓa masa saboda aikinsa ya ɗauki nauyin maganar. Kada a fahimce ni ba daidai ba: Malam na ladabi, wanda ake ce wa kowane namiji baligi a kasuwa ko a mota, makaɗi ma yana da haƙƙinsa. Wanda nake magana a kansa shi ne Malam na matsayi.

Da yake an rufe wa makaɗi ƙofar malanta, sai darajarsa ta bi ta ƙofar sarauta, kamar yadda sauran sana'o'in gargajiya suka bi. Yadda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska da Sarkin Noma, haka ake da Sarkin Makaɗa da Sarkin Kiɗa, sannan kayan kiɗa da na busa na fada kusan kowanne da sarkinsa: akwai na tambari, akwai na kakaki, akwai na taushi, akwai na jauje, ga kuma sanƙira wanda yake shugabantar maroƙan baki, masu kirari da fayyace abin da aka bayar. Waɗannan duka muƙamai ne na gaske. Sarki ne yake naɗawa a fada, a gaban hakimai da 'yan majalisa, a ɗaura wa mutum rawani, kuma daga ranar yana da aiki a kansa: ya fito hawan salla, ya halarci naɗin sarauta, ya yi kiɗan daren Juma'a inda ake yin sa, ya sasanta rigimar makaɗan da suke ƙarƙashinsa, ya san rabon kyauta idan ta fito. A cikin ƙungiyar makaɗan fada ma akwai tsari, domin a ƙasashen Sakkwato da Zamfara mataimakin shugaba Daudun Kiɗi ake ce masa, kuma sau da yawa shi ne mai jiran gado.

Ku dubi yadda ake faɗin sunan sarautar a cike, za ku ga tana ɗauke da sunan mai ita. Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne, a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na III. Na Katsina kuwa sarautar ta shafe sunansa na yanka ƙwarai, har yawancin masu sauraron waƙoƙinsa ba su san shi da wani suna ba sai Sarkin Taushin Katsina. Wato idan ka ce Sarkin Kiɗa, tambayar da Bahaushe zai yi maka nan take ita ce, na wa? A zamaninmu ma mun ga misali: a 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa, kuma bayan an sauke sarkin daga sarautar Kano a 2020 mawaƙin ya ajiye muƙamin, amma jama'a suka ci gaba da kiransa Sarkin Waƙa. Wannan ya nuna cewa suna yana iya fita daga fada ya koma bakin mutane. Saboda haka idan dattijonku wani basarake ya taɓa naɗa shi, ko da mai unguwa ne ko sarkin wata al'umma, ku rubuta sarautar a cike da sunan wanda ya naɗa. Idan ba a taɓa naɗa shi ba, kada ku ɗaura masa rawani da injin buga kati. A gari irin Jos, inda maganar sarauta take da tarihi mai nauyi kuma kowa yake kallon ta da idon basira, rubuta wa mutum sarkin wani abu na gari ba tare da naɗi ba yana iya jawo masa tambayoyin da bai shirya amsawa ba, wataƙila ma akwai mai riƙe da muƙamin a raye.

Abin da nake ba ku shawara ku rubuta shi ne Makaɗa. Wannan kalma, idan aka sa ta gaban suna, ta daina zama jam'in makaɗi ta koma laƙabin girmamawa, kuma haka mutanen Sakkwato da Zamfara da Kabi suke yi, haka kuma masu nazarin waƙar baka suke rubutawa: Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, Makaɗa Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da sarakuna da yawa waƙa, Makaɗa Sa'idu Faru. A ganina ita ce kalmar Hausa da ta fi kusa da Ustad na Indiyawa, domin ba a naɗa ta, ba a sayen ta, kuma ba a ce wa yaron da ya fara rataya kalangu jiya Makaɗa Wane. Mutumin da ya tsufa a sana'ar har ya yaye wasu, ya cancance ta ba tare da neman izinin kowa ba. Idan ya sauke farali sai ku haɗa, ku ce Makaɗa Alhaji Wane, ko Alhaji Wane Mai Kalangu idan da haka aka fi saninsa.

Wannan na ƙarshe kada ku raina shi. Laƙabin da jama'a suka sa wa makaɗi sau da yawa ya fi duk wani rawani daɗewa, kuma ba ku bukatar zuwa nesa neman hujja. Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, mutum nawa ne za su gane shi da wannan suna? Amma ka ce Ɗan Maraya Jos, har wanda ba ya jin Hausa ya san mai kuntigi ake nufi. Sunan ya samo asali ne daga maraicin da ya tashi a cikinsa, abin tausayi ne tun farko, sai gwanintarsa ta mayar da shi sunan girma, ya ɗauki garin Jos ya kai shi ƙasashen duniya har ya rasu a watan Yuni na 2015. Haka Shata, haka Ɗan Anace na 'yan dambe, haka Barmani Choge ta kiɗan amada. Idan dattijonku yana da irin wannan suna da ake kiransa da shi a gidajen biki, ku tabbata ya fito a katin, in ba haka ba waɗanda suka fi kowa saninsa za su karanta gayyatar su kasa gane wa ake karramawa.

Maganar Dokta gajeriya ce. Hausawa suna kiran mutum uku da wannan suna: likita, da mai digiri na uku, da wanda jami'a ta ba digirin girmamawa. Manyan mawaƙanmu ta hanya ta uku suka same shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta bai wa Mamman Shata nasa a 1988, daga nan aka shiga cewa Dokta Mamman Shata, kuma Ɗan Maraya ma ta digirin girmamawa ya zama Dokta. A wancan lokaci abin ya yi nauyi ƙwarai, domin jami'a ce da kanta ta buɗe wa makaɗi ƙofar ilimin da al'ada ta rufe masa. Daga baya kasuwar ta lalace, cibiyoyin da ba su da ko aji ɗaya suka shiga rabon digiri a ɗakunan taro na otal, har shugabannin jami'o'in Nijeriya suka haɗu a Keffi a 2012 suka shimfiɗa ƙa'idojin bayar da shi. Idan babu jami'ar da ta ba dattijon, ku bar wannan. Haka lambobin girma na ƙasa irin su MON, wadda Shata ya samu, bayan suna ake rubuta su, kuma sai ga wanda shugaban ƙasa ya rataya wa.

Yanzu sai malamin allo, kuma a nan ne nake son ku yi taka-tsantsan sosai, saboda tsangaya tana da matakai da suka fi na fada tsauri, tunda su ana iya jarraba su. Yaro ƙarami da aka kawo yana koyon babbaƙu da farfaru kolo ne. Idan ya ɗan tasa ya zama titibiri, idan ya zama saurayi mai ƙarfi da ya yi nisa a karatu, yana taya malam kula da ƙanana, ya zama gardi. Wanda ya sauke ya zauna yana koyarwa Malam ne. Alaramma, kalmar da ake dangantawa da addu'ar nema wa malami rahamar Allah, ana ba wa wanda ya haddace izu sittin, kuma a tsangayu da yawa ba a cika sakin baki a kira mutum da ita ba sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, wato ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya rubuta shi tun daga Fatiha har Nasi ba tare da ya duba wani kwafi ba. Gwani ya wuce nan. Shi ne wanda haddarsa ta zauna har ba a kama shi da kuskure a karatu ko a rubutu, ya san wasulla da ɗigo da wuraren tsayawa bisa ruwayar Warshu da tsangaya take bi, ya kuma san harji, ilimin nan na sanin sau nawa wata kalma ko wata gaɓa ta zo a cikin Alƙur'ani, a waɗanne surori, da yadda ayoyi masu kama da juna suka rabu. Ba ya zama Gwani don ya ce ya zama. Sai ya zauna gaban gwanaye an yi darasu, an duba abin da ya rubuta shafi bayan shafi, an ja shi an ga bai karye ba. Sama da shi akwai Gangaran, wasu kuma suna ƙara Mahiru. A Borno, inda gardawanmu suka saba tafiya gabas neman ƙarin karatu, Goni suke cewa, kuma har yau shaidar da aka samo daga can tana da kima ta musamman a wurin mahaddata.

Kun ga ke nan bambancin Alaramma da Gwani bai tsaya ga daɗin faɗi ba. Idan kuka rubuta Gwani ga wanda bai kai ba, kun jefa shi cikin kunya gaban tsararrakinsa da za su zo walimar, domin su sun san iyakar kowa, kuma mutanen tsangaya ba sa yafe irin wannan da sauƙi. Idan kuma kuka rubuta Alaramma ga wanda gwanaye suka riga suka shaida, kun rage masa abin da ya sha sanyin kiskadi shekaru kafin ya samu. Na san yanzu an sassauta, musamman tun da musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa ta kafu a 1986 ƙarƙashin jami'ar Sakkwato, wadda ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yau, inda ake fitar da gwarzon shekara da gwarzuwar shekara, har ya zama duk matashin da ya yi fice a musabaƙa abokansa suna ce masa Gwani. Ba na ƙin wannan a bakin abokai, sai dai tsofaffin alarammomi suna da ma'auninsu, kuma malaminku da ma'auninsu za a auna shi. Hanya mai sauƙi ita ce ku aika mutum biyu wurin wani malami sa'ansa, ko babban gardinsa, su tambaya da wane suna malamai 'yan'uwansa suke kiransa idan sun haɗu. Kada ku tambaye shi da kansa, domin kunya da tawali'u za su sa ya ce muku shi almajiri ne kawai. Idan kun kasa samun tabbaci, Alaramma Malam Wane ba ya ɓata wa kowa rai. Shehi ko Sheikh kuma ku bar shi ga wanda ya yi zurfi a littattafan ilimi, fiƙihu da tafsiri da hadisi da nahawu, ko wanda yake jagorantar ɗariƙa, domin wannan wani reshe ne dabam da na haddar Alƙur'ani, ko da yake akwai waɗanda Allah ya haɗa musu biyun.

Ita kuwa uwar da ta koyar da ku a firamare, Malama ya ishe ta, kuma kada wani ya ce muku ya yi kaɗan. Na lura yara a makarantun kuɗi sun koma kiran malamansu mata Anti, maza kuma Onkul, a kudancin ƙasar nan kuma, har da wasu unguwannin Abuja, an mayar da malam sunan ɗan canji da maigadi da mai shayi, wannan ya sa wasu matasanmu suke ganin kalmar ta yi arha. Tarihinta bai yarda da haka ba. A Kano idan aka ce Malam aka yi shiru, Aminu Kano ake nufi, wanda ya fara da koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, kuma har ya rasu a 1983 bai bukaci wani suna sama da wannan ba, kamar yadda mutanen Tanzaniya suka tsaya a kan Mwalimu ga Julius Nyerere duk da ya shugabanci ƙasarsu. A nan Filato kalmar ta ma ƙetare iyakar addini, domin maƙwabtanku Kirista masu ibada da Hausa suna ce wa mai koyarwa a majami'a Malam, kuma a Littafi Mai Tsarki na Hausa da wannan suna almajirai suke kiran Yesu. Mata malamai kuma suna da nasu tsohon tarihin laƙabi a ƙasar nan: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo takan naɗa matan da ta horar su fita ƙauyuka koyarwa, a kira kowacce Jaji, a ba ta malfa da jan rawani alamar izini, ɗalibansu kuma su ne 'Yan Taru. Idan malamarku ta je Makka ku ce Hajiya Malama Wance, idan ta riƙe shugabancin makaranta ku ambata shi a ƙarƙashin sunan, a layi na dabam.

Saura tsarin katin da na ranar taro. Ku fara da malamin allo, sai malamar firamare, sai makaɗin, domin haka al'adar garinku take jera su, kuma shi makaɗin da kansa ba zai yarda a ambace shi gaban mahaddacin Alƙur'ani ba. Ku kuma gargaɗi wanda zai riƙe lasifika ya san gaisuwar kowa: Allah ya gafarta Malam ta alaramma ce, malamar a ce mata Allah ya ƙara girma ko Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe kuma a ajiye wa masu rawani idan sun halarta. Masu gabatarwa na yanzu suna da ɗabi'ar tara wa mutum Alhaji Dokta Ambasada Sarkin kaza a numfashi ɗaya, ku ce masa ya tsaya a kan abin da aka rubuta. Idan za a yi kiɗa, ku sanar da malamin tun kafin ranar, ku tsara yadda za a yi addu'a a karrama shi ya tashi da almajiransa kafin a ɗauki kalangu, sannan ku bar yaran da dattijon ya koyar su yi masa kirarinsa da bakinsu, domin su suka san wanda yake amsawa.